Darasin kiwon lafiya: Maganin ɗaukewar al'ada ba na tebur ba ne

Wannan darasi na mata ne waɗanda shekarunsu suka kai 45 ko suka wuce. Na mazansu ne kuma, da na ƴaƴansu masu zuwa ci-rani suna aiko da tsaraba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Idan a makarantar yaƙi da jahilci ne, ya fi kyau mata su zauna su kaɗai, don kada kunya ta hana tambaya.

Mene ne ɗaukewar al'ada?

Duk macen da Allah ya ja kwananta za ta kai lokacin da jinin al'ada zai ɗauke. Ba ciwo ba ne. Ba sammu ba ne, ba kuma aikin kishiya ba. Ƙungiyar lafiya ta duniya ta ce ga yawancin mata abin yana zuwa tsakanin shekara 45 da 55. Kafin ya ɗauke sarai, jinin yakan yi wasa. Ya zo wannan wata, ya tsallake wata biyu ko uku, ya sake zuwa. Idan wata 12 cur suka wuce ba a ga jini ba, babu ciki kuma babu shayarwa, to al'ada ta ɗauke.

Ga dalili. A gefen mahaifa, dama da hagu, akwai ƴan jakunkuna biyu inda ƙwan haihuwa ke fitowa. Su ke yin wasu sinadarai biyu masu bin jini. Lokotoro yana kiran irinsu homon. Na farko sunansa istirojin. Shi ke kauraro shimfiɗar cikin mahaifa kowane wata, shi ke riƙe ƙarfin ƙashi da damshin gaban mace. Na biyu sunansa furojestaron. Shi ke tsare shimfiɗar nan kada ta yi kaurin da ya wuce kima. Idan ƙwai ya ƙare, sinadaran biyu sai su ragu ƙwarai.

Wasu mata ba su jin komai. Wasu kuwa suna shan wuya. Zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska kamar an buɗe murhu, ko da cikin sanyin hunturu. Zufa ta jiƙa zane da dare. Barci ya gagara. Zuciya ta riƙa bugawa, fushi ya zo da wuri, mantuwa ta yi yawa. Gaba ya bushe har kwanciya da miji ta zama azaba. Ga wasu abin yana ɗaukar shekara da shekaru.

Akwai maganin lokotoro da ke mayar wa jiki kaɗan daga sinadaran da suka ragu. Akwai na haɗiya, akwai man shafawa a fata, akwai filastar liƙawa, akwai kuma na sakawa a gaba. Gaskiya ne yana aiki. Babu wani magani da ya fi shi kwantar da zafin jiki da zufar dare, kuma yana rage karyewar ƙashi. Amma ba ya mai da tsohuwa yarinya, ba ya dawo da haihuwa, kuma yana da haɗari. Haɗarin nan shi ne darasin yau.

Yadda aka gane haɗarinsa

A shekarar 1942 aka ba da izinin sayar da wani magani mai suna Premarin a Amurka. Daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace shi. Yawancin istirojin na yanzu daga tsiro ake haɗa shi a masana'anta. Shekara da shekaru ana ba mata istirojin shi kaɗai, ana yabonsa kamar maganin tsufa. A shekarar 1975 bincike ya nuna matan da ke shansa sun fi sauran mata kamuwa da kansar mahaifa nesa ba kusa ba. Dalili a fili yake: istirojin yana ta kauraro shimfiɗar mahaifa, babu furojestaron da zai tsai da ita. Tun daga nan aka kafa doka wadda har yau tana nan. Macen da mahaifarta ke jikinta ba a ba ta istirojin shi kaɗai. Sai an haɗa mata da na biyun. Wadda aka yi wa aiki aka cire mahaifar ce kawai ke shan istirojin zalla.

Sai kuma wani babban bincike da gwamnatin Amurka ta biya kuɗinsa. An ɗauki mata 16,608 masu shekara 50 zuwa 79. Rabi an ba su magani mai sinadari biyu. Rabi an ba su ƙwayar da babu komai cikinta. A shekarar 2002 aka tsai da binciken tun lokacinsa bai cika ba, bayan wajen shekara 5, don illar ta fara bayyana. Ga abin da aka ƙirga cikin mata 10,000 a shekara ɗaya. Kansar nono: 30 cikin marasa shan magani, 38 cikin masu sha. Shanyewar ɓarin jiki: 21 da 29. Ciwon zuciya: 30 da 37. Gudan jini a jijiya: 16 da 34. Ta wajen amfani kuwa, karyewar ƙugu ta sauko daga 15 zuwa 10.

Labarin ya tsorata duniya. Mata da yawa suka watsar da maganin. Daga baya masana suka sake duba lissafin. Sai suka lura matsakaicin shekarun matan nan 63 ne, wato yawancinsu al'ada ta daɗe da ɗauke musu. Ga waɗanda suka fara kafin shekara 60, ko cikin shekara 10 na farko bayan ɗaukewar al'ada, haɗarin ya fi sauƙi. A watan Nuwamba na 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta ba da sanarwar cire babban gargaɗin da ake bugawa a takardar maganin tun 2003. Amma ta bar gargaɗin kansar mahaifa ga istirojin zalla. Kada a ji wannan labari a rediyo a ɗauka haɗari ya ƙare. Matan da ake magana a kansu ana auna jininsu, ana ɗaukar hoton nononsu a kai a kai. Mace a Takanamat ko Afala da ke sha ba awo ba ta cikin wannan lissafi.

Ƙananan illoli na farko

A watannin farko nono yakan yi nauyi da ciwo. Akwai tashin zuciya, ciwon kai, kumburin ciki, ɗaurewar jijiyar ƙafa, wani lokaci da ɓacin rai. Filasta takan sa fata ƙaiƙayi. Yawanci waɗannan suna lafawa cikin wata 3. Idan ba su lafa ba, a koma gidan likita a canja nau'i ko a rage. Kada mace ta ƙara wa kanta ƙwaya, kada kuma ta raba ta da maƙwabciya.

Jini ma yakan ɗiga cikin wata 3 zuwa 6 na farko. Akwai kuma tsarin da ake sha wanda ke kawo jini kowane wata. Wannan jinin magani ne. Ba haihuwa ce ta dawo ba. Mai shakka kan salla da azumi ta tambayi malami, amma ta gaya masa gaskiya cewa magani take sha. Jinin da ya wuce wata 6 yana ɗiga ba tsari, ko ya yi yawa, ko ya dawo bayan ya tsaya, wannan sai lokotoro ya duba.

Manyan haɗura

Gudan jini shi ya fi saurin kisa. Ƙwayar haɗiya tana bi ta hanta, hanta kuwa sai ta ƙara abin da ke sa jini daskarewa. Gudan yakan tsaya a jijiyar ƙwauri. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta yi ciwo. Idan gudan ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi sai ya sarƙe farat ɗaya. Haɗarin ya fi yawa a shekarar farko, kuma ya fi ga mai ƙiba, da mai shan taba, da wadda ke kwance ba motsi. Doguwar tafiya ma tana ƙara shi. Daga Tawa zuwa Yamai ya wuce kilomita 500, yini guda a zaune cikin mota. Haka zaman jirgi zuwa Makka. Mai shan maganin ta riƙa motsa ƙafa, ta sauka ta taka duk inda mota ta tsaya, ta sha ruwa. Idan za a yi mata aiki a asibiti, ta faɗa tun da wuri, don wani lokaci ana tsai da maganin makonni kafin aikin. Man shafawa da filasta ba su bi ta hanta da farko, saboda haka haɗarin gudan jini a gare su kaɗan ne.

Shanyewar ɓarin jiki ita ma tana ƙaruwa da ƙwayar haɗiya, musamman bayan shekara 60. Hawan jini shi ne babban abokin tafiyarta. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mace tana daka, tana ɗebo ruwa, tana zuwa gona, jininta ya hau ba ta sani ba. Ba a gane shi da ido ko da ciwon kai. Sai an ɗaura abin awo a dantse. Awon ba ya cin minti 5.

Kansar nono ita ce aka fi tsoro. A shekarar 2019 wata babbar mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta tattara bincike masu yawa, galibinsu na matan Turai da Amurka. Cikin mata 100 da ba su taɓa sha ba, wajen 6 ke kamuwa tsakanin shekara 50 da 69. Cikin 100 da suka sha sinadari biyu kullum har shekara 5, wajen 8 ne. Wato ƙarin mace 1 cikin 50. Ga masu shan istirojin zalla, ƙarin mace 1 ne cikin 200. Idan an daɗe ana sha, haɗarin yana ƙaruwa. Idan an bari yana raguwa, amma a hankali.

Wani zai ce 1 cikin 50 ba yawa. A duba dai inda ake. Inda ake gano kansar nono tana ƙarama kamar ƙwayar wake, yawancin mata suna warkewa. A ƙauyukan Adar sau da yawa ba a zuwa asibiti sai nono ya fashe, bayan an gama shafe-shafe da hayaƙi. Na'urar gasa kansa tana Yamai, a cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa, kuma a 2021 ta fara aiki. Tafiya ce mai cin kuɗi da tumaki.

Ƙwayar haɗiya tana kuma ƙara tsakuwar madaciya. Farawa bayan shekara 65 bai kare kowa daga ruɗewar tsufa ba. A binciken Amurka ma ƙara ta ya yi.

Waɗanda bai kamata su sha ba

Wadda ta taɓa yin kansar nono ko ta mahaifa. Wadda gudan jini ya taɓa tsaya mata a ƙafa ko huhu. Wadda ɓarin jikinta ya taɓa shanyewa ko ta yi ciwon zuciya. Mai ciwon hanta, ko mai shawara da idonta ya yi ɗorawa. Wannan na ƙarshe a lura da shi sosai, don ciwon hanta mai yaɗuwa ta jini ya yi yawa a Nijar, kuma mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba. Mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba sai an shawo kansa tukuna. Mai zubar jinin da ba a san dalilinsa ba sai an bincika. Mai ciwon sukari, mai amosanin jini, mai ciwon ɓarin kai, mai ƙari a mahaifa, da wadda uwarta ko ƴar'uwarta ta yi kansar nono, duk su faɗa wa lokotoro kafin ya rubuta takarda.

Akwai kuma waɗanda maganin ya zame musu kusan dole. Su ne waɗanda al'ada ta ɗauke musu kafin shekara 40, ko aka cire musu jakunkunan ƙwai a wurin aiki. Su jikinsu ya rasa sinadarin tun lokaci bai yi ba, ƙashinsu da zuciyarsu na cikin haɗari. Yawanci ana ba su har su kai wajen shekara 50. Tsoro kada ya hana irin waɗannan zuwa.

Tebur, jaka da tsaraba

Ranar Lahadi a kasuwar Tawa, da ranakun kasuwar ƙauye, ana ganin masu tallan magani a tebur ko a faranti bisa kai. Ƙwayoyin sun sha rana. A watan Afirilu da Mayu zafi a Tawa yana wuce digiri 40, alhali yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu kada su wuce 25 ko 30. Mai tebur ba ya auna jini. Ba ya tambaya ko akwai mahaifa ko an cire. Bai san bambancin mai sinadari ɗaya da mai biyu ba. Abin da ya sani shi ne launin kwali.

Adar ƙasar ci-rani ce. Samari na tafiya Abijan, Libiya, Nijeriya da Kamaru. A ce wani ya ji uwarsa a Kalfu tana kukan zafin jiki da rashin barci. Ya shiga farmasi a can, ya sayo kwali uku, ya ba ɗan garinsu ya kawo. Niyyarsa alheri ce. Amma rubutun kwalin Larabci ne ko Ingilishi, ba wanda ya iya karanta shi a gidan. Idan istirojin zalla ne, uwar kuwa tana da mahaifarta, to ya aiko mata da abin da zai iya zama kansa. Da kuɗin ya aiko, aka kai ta awo, da ya fi. Kwalin da ya riga ya zo kada a fasa shi. A tafi da shi gidan likita a nuna.

Wasu kuma sukan karɓi ƙwayar tazarar haihuwa ta ɗiya ko ta suruka, wai don al'ada ta dawo. Wannan kuskure ne babba. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu ta fi maganin ɗaukewar al'ada ƙarfi. Ba a ba mai hawan jini, ba a ba mai shan taba da ta wuce shekara 35, kuma ba a ci gaba da ita bayan shekara 50. Haka nan maganin ɗaukewar al'ada ba ya hana ciki. Macen da jininta ke wasa tukuna tana iya ɗaukar ciki ko tana shansa.

Ana jin mata suna cewa ciki ne ya kwanta. Shekara biyu, shekara uku ana jiran ya tashi, ana neman maganin tayar da shi. Gwajin fitsari a gidan likita yana raba gardama nan take. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa. Wata takan yi murna, ta ce ƙuruciya ta dawo. Wata takan ɓoye don kunyar surukai. Jini bayan ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ɗaya ne, sai an duba shi. Sau da yawa bushewar gaba ce kawai. Amma shi ne alamar farko ta kansar mahaifa, kuma kansar bakin mahaifa ma tana zuwa da shi. A shekarar 2007 gwamnati ta fitar da dokar da ta ce a yi jinyar kansar mata kyauta a asibitocin gwamnati. A tambayi ma'aikata yadda ake cin moriyarta.

Bushewar gaba tana da nata magani. Akwai istirojin ɗan kaɗan na sakawa a wurin, wanda abin da ke shiga jini daga cikinsa ƙalilan ne, haɗarinsa kuma kaɗan. Shi ma lokotoro ke rubuta shi. Cusa kayan mata, kanwa ko alif a fatar da ta riga ta yi siriri yana kawo rauni da ƙwayoyin cuta.

Alamun da ba a kwana da su

Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya sarƙe, ko a yi tari da jini. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta karye. Ciwon kai mai tsanani da ba a saba da shi ba, ko gani ya dushe. Ido ya yi ɗorawa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, a tsai da maganin, a nemi mota ko amalanke a lokacin. Kada a murza ƙafar da ta kumbura, kada a yi mata ƙaho, don gudan na iya ɓallewa. Ƙululu a nono, ko kan nono ya shige ciki ko yana fid da jini, shi ma a kai shi cikin makon.

Ina za a je?

A fara da gidan likita mafi kusa, a nemi ungozomar gwamnati. Za ta auna jini da nauyi, ta duba nono, ta yi tambayoyi. Idan da bukata za ta tura asibitin gunduma, kamar na Keita, Buza ko Illela, ko kuma Tawa, inda akwai babban asibitin jiha da cibiyar lafiyar uwa da ɗa. Idan an rubuta magani, a saya a farmasi da takardar. Ana komawa bayan wata 3, sannan sau ɗaya kowace shekara, a duba ko har yanzu ana bukatarsa. Lokotoro yakan fara da mafi ƙarancin abin da zai yi aiki. Mai son bari ta yi shawara da shi, don idan aka yanke farat ɗaya zafin yakan dawo. A ajiye magani a inuwa, nesa da murhu da hannun jikoki.

A tuna kuma ba kowane zafi ne na ɗaukewar al'ada ba. Zufar dare tare da tarin da ya wuce mako 2 da rama, a gwada tarin fuka. Zafi da sanyi da ciwon gaɓoɓi a damina, a gwada zazzaɓin sauro.

Mata da yawa ba su bukatar maganin sam. Tufafin auduga mara nauyi, ruwan randa kusa da shimfiɗa, kwana inda iska ke ratsawa, rage barkono da shayi mai ƙarfi da goro da yamma, duk suna sauƙaƙa wa wasu. Don ƙashi kuwa, nono, cuku, zogale da kuka suna nan a kasuwa, tafiya da ƙafa ma tana ƙarfafa shi. Wadda zafi ya dame ta amma ba ta cikin masu iya shan homon, akwai wasu magunguna daban da lokotoro zai iya rubuta mata. Miji kuma ya yi haƙuri da fushin da ba a saba gani ba, ya ba da izini da kuɗin mota.

Aikin aji

Cikin mata 10,000, gudan jini ya kama 16 marasa shan magani, ya kama 34 masu sha. Nawa ne ƙarin? Idan ƙarin kansar nono mace 1 ne cikin 50, nawa zai zama cikin mata 300? Daga garinku zuwa inda ake auna hawan jini kilomita nawa ne, kuma nawa ne kuɗin mota zuwa da dawowa?